Injin yankan ciyawa a Yelwa: mai suna ko ɗan China?

Ciyawar damina a Bauchi ba ta jiran kowa. Daga watan Yuni ruwa yake kankama, ya kai maƙura a Agusta, kuma filin da aka yanke yau, kafin mako uku ya sake haɗiye idon sawu. A Yelwa abin ya fi fitowa fili saboda yanki ne na manyan harabobi. Ga tsohon matsugunin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga Kwalejin Aikin Gona ta jiha, ga makarantar haɗin kai ta Janar Hassan Usman Katsina, in ka miƙe hanyar Dass kuma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji. Ban da su akwai gidajen hayar ɗalibai, da harabar masallatai da majami'u, da fulotan da aka zagaye ba a gina ba wajen Sabon Kaura da Rafin Zurfi, inda tafasa da kyasuwa suke cin karensu babu babbaka. Shekara da shekaru adda da lauje ne suke wannan aiki, har gobe kuma su ne suka fi yawa. Amma yanzu ana ƙara jin kukan wani ƙaramin inji da ake ratayawa a kafaɗa, mai doguwar sanda, a ƙarshenta wani kai yana wulwula igiyar roba ko faifan ƙarfe. Wasu daga cikin injinan ana kwance musu kan ciyawa a ɗaura ɗan zarto mai sarƙa, a sare reshen dogon yaro ko na mangwaro mutum yana tsaye a ƙasa.

Injin ba tsoho ba ne a duniya. Wani Ba'amurke mai suna George Ballas ne ya ƙago nau'insa mai igiya a birnin Houston a 1971, bayan ya lura da yadda burushin wurin wankin mota yake juyawa yana bin jikinta ba tare da ya kankare fenti ba. Ya ɗaura igiyar kamun kifi a jikin gwangwani ya gwada a kan ciyawar gidansa. Abin da ya iso hannunmu bayan rabin ƙarni ya rabu gida biyu, kuma duk matashin da ya tara 'yan kuɗinsa yana son shiga sana'ar yankan ciyawa, ko ma'aikacin da aka aika ya sayo wa makaranta, dole ya zaɓi ɗaya.

Gida na farko shi ne na masu suna: Stihl na Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926, da Husqvarna na Suwidin, da Honda na Japan. Gida na biyu shi ne wanda kowa yake kira ɗan China. Sunan da ke jikin kwalinsa yana canzawa daga wannan shago zuwa wancan, launinsa ma haka, amma in ka duba da kyau sai ka ga lamba ɗaya ce take ta maimaituwa, ko 430 ko 520. An kwaikwayo shi ne daga wani tsohon injin Mitsubishi, kuma masana'antu barkatai a garuruwa irin su Yongkang na lardin Zhejiang da Linyi na lardin Shandong suna ƙera shi a kan awo guda.

In maganar inganci ce, babu gardama. Mai suna yana tashi da ja biyu ko uku, yana shan mai kaɗan, ba ya karkaɗa hannu sosai, kuma in ya samu kulawa yana iya yin damina da yawa ba a buɗe cikinsa ba. Ɗan China kuwa tun a makon farko notuna sukan fara kwancewa, murfin tanki ya riƙa yoyo, robar da igiyar tayarwa take naɗe a ciki ta tsage. Masu cewa araha ba ta ado suna da hujjarsu a nan. Sai dai kuɗin mai suna guda ɗaya zai sayi 'yan China da dama, kuma abin da ya fi damuna shi ne ranar da injin ya ƙi tashi a tsakiyar Agusta, ga aikin da aka karɓi kuɗinsa yana jira. Kowane inji, komai sunansa, yana da irin wannan rana.

Abubuwan da suke lalacewa a waɗannan injina sanannu ne, kuma yawancinsu ƙanana ne da za su shiga aljihun riga. Fulogi yana toshewa da baƙin hayaƙi. Siririn tiyon da yake ɗauko mai daga tanki yana bushewa ya tsage. 'Yar ƙwallon robar da ake dannawa don tsotso mai kafin a tayar tana fashewa. Soson da yake tace iska yana cika da ƙura. Igiyar tayarwa tana tsinkewa, sifirin ɗin kuloci yana saki, giyar da ke can ƙarshen sanda tana cinye kanta in an manta da giris. Uwar matsaloli kuwa ita ce kafireta.

Ya kamata mutum ya tsaya ya ga yadda mai gyara yake buɗe ta. Ƙaramar aba ce, ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Zai shimfiɗa kwali a kan cinyarsa, ya kwance notuna huɗu, ya ɗaga murfi, sai ga wata 'yar baƙar fata siririya mai ƙaramin faranti a tsakiya. Ita ce take numfashi tana auna man da zai shiga inji, domin wannan kafireta ba ta da kwanon mai irin na babur; an yi ta ne don ta yi aiki ko da an kifa injin ko an ɗaga shi sama. Mai gyara yakan murza fatar tsakanin yatsu biyu. In ta yi laushi, sai ya wanke ƙananan hudojin da fetur ya busa ya mayar. In kuma ta yi ƙarar busasshen ganye, to ta mutu, kuma babu wankin da zai tayar da injin. Abin da yake kashe ta shi ne man da aka bari ya kwana a ciki tun daga Oktoba har zuwa Mayu, lokacin da injin yake jingine a lungu ba a aiki da shi.

A daidai wannan wuri hanyar injinan biyu take rabuwa. Da yake 'yan China a kan awo ɗaya aka yi su, kafiretar wannan tana hawa kan wancan, kwayil ɗin ja yana aiki a kan kore, fistin kuwa iri biyu ne kawai, mai faɗin milimita 40 na 430 da mai milimita 44 na 520. Sau da yawa mai gyara ba ya ma wahalar da kansa da neman fatar. Sabuwar kafireta gaba ɗaya yake ɗaurawa, don kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Injin da ya mutu murus ma ba a jefar da shi. Ana ajiye gawarsa a ƙarƙashin benci, yau a ciri kuloci, gobe a ciri tanki. Masu gyaran kuma ba sai an koya musu daga farko ba. Duk wanda ya girma yana kwance ƙaramin janareta Tiger, ko ya yi zamanin babur Jincheng mai hayaƙi, ya san injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kuma irin waɗannan masu gyara ba su da wuyar samu a bakin titi tsakanin Yelwan Tudu da Gwallameji. Ba kowane shago ne yake ajiye kayan injin ciyawa ba, gaskiya ne. Amma masu sayar da kayan janareta da injin ban ruwa da famfon feshi sun san hanyar da kaya suke biyowa, daga Legas da Anacha, ko daga Sabon Garin Kano, ko daga Jos mai nisan kimanin kilomita 130. A buga waya, a tura hoto, a sa a mota, gobe ko jibi ya iso tasha.

Mai suna ba haka yake ba. Kowane samfuri da nasa kayan, kuma kafiretar wani Stihl ba lallai ta hau kan wani Stihl ɗin ba, balle ta ɗan China. Sai ka san lambar samfurin, wani lokaci har da lambar abin da ya lalace. Notunansa masu kan tauraro ne, waɗanda ba kowane bakanike yake da mabuɗinsu ba, kuma wanda ya tilasta musu sukudireba ya gama da su. Kayan na gaske sai an nema daga dillalai a Legas ko Abuja, in babu a can kuma sai an jira odar waje. Farashinsu da kuɗin ƙetare yake tafiya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024, ƙaramin abin da a da ake saya ba tare da tunani ba ya zama abin zama a yi lissafi. Kayan China ma sun tashi, amma daga ƙasa suka taso.

Yanzu a auna wannan da tsawon lokacin sana'ar. Mai yankan ciyawa a Yelwa wata huɗu yake da shi, in ya yi sa'a biyar. Mako biyun da zai yi yana jiran kaya daga Legas a cikin Agusta ba ƙaramin giɓi ba ne a abincin shekararsa, kuma mai gidan da ya ba shi aiki ba zai zauna macizai su shigo masa ba. Zai kira mai adda. Saboda haka, in matashi mai inji ɗaya ya tambaye ni, ɗan China zan ce ya saya, kuma in ce ya ware wani abu daga rarar kuɗin ya sayi kafireta guda, fulogi biyu, igiyar tayarwa da tiyon mai tun ranar farko, ya zuba a leda ya ajiye. Injinsa zai fi yawan lalacewa, amma zai fi saurin komawa bakin aiki.

Sai dai akwai inda duka biyun suke mutuwa mutuwa ɗaya, kuma laifin ba na Jamus ba ne ba na China ba. Maganar gaurayen mai ce. Mun saba da Tiger, wanda ake tsiyaya masa baƙin man mota da ido a jijjiga, ya yi ta hayaƙi yana aiki. Tiger yana juyi wajen 3,000 ne a minti. Injin ciyawa yana haura 7,000, kuma wannan ɗan man da ke cikin fetur shi kaɗai ne yake shafa fistin da ƙarafunan ciki. In ya yi kaɗan, fistin ya karce silinda inji ya buga. In ya yi yawa, ko aka sa man mota, fulogi da salansa su toshe. Yawancin 'yan China suna zuwa da 'yar gora mai zane, kuma awonsu kashi 25 na fetur ne ga kashi 1 na mai, wato mililita 40 a lita guda. Stihl kuwa 50 ga 1 yake nema, mililita 20 a lita, amma da sharaɗin man ya zama na ƙwarai wanda aka yi don irin wannan inji, mai alamar 2T. Wanda ya sayi inji mai tsada ya riƙa ba shi man da aka auno a kwalba a bakin titi ya yi asarar da ta fi ta mai ɗan China, domin wancan zai canza silinda da fistin da kuɗi kaɗan, shi kuwa sai ya yi tunanin ko gyaran ya cancanci a yi. Fetur ɗin ma abin lura ne. Ba a manta gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba, mai yawan sinadarin metanol, wanda ya lalata motoci. Na 'yan bumburutu kuma, ko da mai kyau ne, yakan zo da ruwa da datti daga jarka, kuma hudojin kafireta ba su fi bakin allura ba. Tace mai da tsumma mai tsabta kafin a zuba ba ya cin minti biyu. In damina ta wuce, a juye tanki, a tayar da injin a bar shi ya mutu da kansa, don kada ɗigo ya rage a kan fatar nan.

Ban ce mai suna ba shi da gurbi ba. Mutumin da yake yini da inji a kafaɗa ya san bambancin a jikinsa. Karkarwar ɗan China tana sa yatsu su yi sanyi su mutu bayan 'yan sa'o'i, kuma wanda ya yi shekaru a haka yana iya rasa ƙarfin riƙo. Wannan illa ce da likitoci suka sani ga masu aiki da injina masu girgiza. Makaranta ko ma'aikata mai faɗin fili, mai ɗakin ajiya da kasafin shekara, mai ma'aikatan da za su riƙa aiki kullum, ta fi dacewa da mai suna. Sharaɗin dai shi ne a sayo shi tare da kayan gyaransa na damina biyu da man da ya dace, a cikin takarda ɗaya. Inji mai tsada da aka sayo shi kaɗai, ranar da abin naira kaɗan ya lalace, sai ya koma sito ya jira sa hannun da ba zai zo ba kafin rani. A kuma yi hattara da jabu. Akwai 'yan China da ake yi wa fentin ruwan lemo da toka a manna musu babban suna, a sayar da su da tsada. Rubutun ƙasar da aka ƙera ba ya raba gardama, domin Stihl da kansa yana da masana'anta a Qingdao ta China. Lambar jikin inji da rasiɗin dillalin da aka sani su ne abin dubawa. Wanda ya sayi jabu da kuɗin na gaske ya haɗa tsadar wannan da raunin wancan.

Igiyar yanka ba ta da wannan rigima, kusan kowace tana shiga kowane kai in kaurinta ya dace, kuma mai milimita 2.4 zuwa 3 ita ce ta saba da ciyawarmu. Abin da yake ba mutane haushi shi ne yawan tsinkewarta. Ƙasar Yelwa mai tsakuwa ce, ga kuma igiyar da ta sha hunturu a shago ta bushe. A jiƙa ta a bokitin ruwa kwana ɗaya kafin aiki, za ta yi laushi ta daɗe. Abin da nake roƙon kowa ya bari shi ne maye gurbinta da wayar ƙarfe ko wayar birkin babur, da cire murfin kariya wai don a ga aiki da kyau. Gutsuren ƙarfe da ya fita da irin wannan gudu yana huda ƙafa, yana fasa ido, kuma wuraren da ake yankan nan yara suna wucewa. Tarayyar Turai ta haramta sayar da kawuna masu lilon ƙarfe irin na sarƙa tun 2012, bayan wani ya rasa ransa a Ingila. In ciyawa ta yi kauri ta zama kara, faifan ƙarfe da ya zo da injin aka yi don ita.

A kan zarton sama ne ra'ayina ya sauya. Shi wannan kai ana sayar da shi daban, kuma mutane da yawa suna ɗauka kowanne zai hau kowace sanda. Na ji mai gyara yana tambayar wani da ya zo da sabon kai a kwali: "Maigida, haƙoran sandarka nawa ne, bakwai ko tara?" Mutumin ya ce bai sani ba. Aka zare kan ciyawa, aka leƙa cikin bututu, aka ƙirga tsagin da ke bakin ƙarfen da yake juyawa a ciki. Tara ne, kan da ya sayo kuwa na bakwai. Ban da haƙora akwai kaurin bututun kansa, milimita 26 ko 28, akwai kuma sandunan da bakinsu mai kusurwa huɗu ne, irin wanda Stihl yake amfani da shi. Wanda zai yi oda daga nesa ya auna waɗannan biyun ya ɗauki hoto kafin ya tura kuɗi, domin mayar da kaya Anacha ya fi sayen wani wahala.

Ko da kan ya hau, sarƙa ce take yin aikin, kuma sarƙar da take zuwa da ɗan China ba ta riƙe kaifi. Dogon yaro itace ne mai tauri, ɓawonsa cike da ƙurar rani, mangwaro kuma ga danƙo. Reshe kaɗan za ta yanka ta dakushe, ta fara fitar da gari maimakon ɓarzajen katako, mai aiki ya shiga dannawa da ƙarfi, sandar ta lanƙwashe, giya ta yi zafi. Sannan tana saurin miƙewa ta yi sako-sako, kuma sarƙar da ta zame tana sama da kan mutum ba abin wasa ba ce. A nan araha tana iya jawo rauni. Abin farin ciki shi ne awon sarƙa na duniya ne. Yawancin kawunan China suna ɗaukar siririyar sarƙa mai awon 3/8 na inci, a kan takobi mai inci 10 ko 12, kuma kamfanoni irin su Oregon na Amurka, da suke wannan sana'a tun 1947, suna yin daidai wannan awo. Don haka ana iya ɗaura sarƙa ta ƙwarai a kan kai mai araha, muddin an ƙirga 'yan harsunan da suke shiga cikin kwarin takobin aka sayo mai adadi ɗaya. Masu injin yanka katako sun san inda ake samun sarƙa mai kyau, sun kuma iya wasa ta, sai dai magagarinsu ya yi wa wannan sarƙa kauri. Nata siriri ne, mai milimita 4.

Ɗan tankin man da ke jikin kan zarton shi ma yana neman gaskiya. Akwai ƙaramin famfo a ciki mai haƙoran roba, wanda yake ɗiga mai a kan sarƙa tana gudu. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda mutane suke zubawa don yana kyauta, cike yake da ɓurɓushin ƙarfe, kuma shi yake toshe famfon ya cinye haƙoran. Famfon nan yana cikin abubuwan da suka fi wuyar samu ko a kayan China, sau da yawa sai dai a sayi kan gaba ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: a tayar, a nuna bakin takobin ga kwali ko bango, in an ga feshin mai to yana aiki, in babu a tsaya.

Rassan da aka fi kiran mutum ya sare a Yelwa su ne waɗanda suka hau rufin kwano ko suka shiga wayar lantarki. Na kan rufi aikin mai zarto ne. Na cikin waya kuwa ba nasa ba ne, ko injinsa na Jamus ne ko na China, domin sandar duka biyun ƙarfe ce, kuma ɗanyen reshe a damina yana ɗaukar wuta. Rashin wuta a unguwa a lokacin ba tabbaci ba ne, ana iya kawo ta mutum yana tsakiyar yanka. Irin wannan reshe sai an je ofishin kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda Bauchi take ƙarƙashinsa, an nemi su kashe layin su tsaya a wurin kafin a ɗaga sanda.